Gwiwar Mijina da Katako Mai Taya

Har yau in na ji ƙarar ƙananan tayoyi a kan siminti, ko da akwatin matafiyi ne ake ja a tasha, sai raina ya ɓaci. Wani wasan talabijin take tuna mini. Na tsani wasan nan, kuma ba na jin akwai ranar da zan daina tsanarsa.

Mijina ƙaramar bas yake ja tsakanin Kafanchan da Zonkwa, tasa ce ta kansa, shekara da shekaru. A farkon daminar wata shekara taya ta fashe masa a gangare, motar ta faɗa rami. Allah ya tsare fasinjoji, kowa ya fito da ƙafarsa, shi ne dai ƙafar hagu ta karye sama da gwiwa kaɗan. Aka yi masa aiki a asibiti, aka ɗaure ƙafar, ya yi makonni a kwance. Ranar da aka kwance ɗaurin, ma'aikaciyar da ke duba shi ta zaunar da mu biyu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ƙashi ya haɗe, saura gwiwa. Ta daɗe a miƙe, ta fara sandarewa, sai an riƙa lanƙwasa ta kullum safe da yamma, da zafin da kukan da komai. In aka yi sakaci 'yan watannin nan suka wuce, inda ta tsaya nan za ta tsaya. Sannan ta dube ni ta ce, "Madam, ƙafar hagu ce fa. Da ita ake taka kuloci."

Ba sai an fassara mini ba. Motocin hayar da ke kan hanyarmu duk masu kuloci ne, kuma mutumin nan tun yana saurayi bai san wata sana'a ba sai sitiyari. Yaranmu biyu suna makarantar kwana, don haka jinyar a kaina take.

Makon farko mun yi abin da aka ce. Ya zauna a bakin gado, in durƙusa in kama diddigensa in riƙa turawa a hankali. Mutumin da ban taɓa jin kukansa ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa, ga shi yana ihu yana cizon matashi, gumi na zuba. Ni ma hawaye nake, amma ban saki ba. Kafin kwana bakwai gwiwar ta ɗan ba da kai, ni da ke riƙe da ita na ji a hannuna.

Sai surukata ta iso daga ƙauyensu na bayan Zonkwa, da buhun acca da kaji biyu, ta ce ta zo jinya. A wajenmu in namiji ya kwanta ciwo, da yadda yake hutawa ake auna matarsa. Ba ya ɗaga ko kofi. Masu gaisuwa su shigo su ce sannu, su yi addu'a, ido kuwa yana kan ko an sa masa matashi, ko an kawo masa ruwa har baki. Kowa in zai fita sai ya ce, "Kada ka motsa fa, ka huta." Ranar farko da Mama ta ji ihunsa, ta faɗo ɗakin ta ture hannuna.

"Kashe mini shi za ka yi?" in ji ta. Mama ba ruwanta da ka ko ki, kowa ka ne a bakinta. "Ƙashin da Allah ya haɗa, kai za ka sake karyawa?"

Na ce, "Mama, asibiti ne suka ce a yi."

Ta ce, "Asibiti ne suka haife shi?"

Kafin Lahadi matan zumuntar cocinmu sun riga sun ji cewa ina murɗe ƙafar mijina. Wata har ta ja ni gefe bayan sujada ta yi mini wa'azi a kan tausayi, ita da nata mijin ke tsoron shiga gida in ya ji muryarta.

Ana cikin haka maƙwabcinmu ya kawo nasa taimakon. Ibo ne mai shagon kayan wuta. Kakansa ne ya zo garin nan aikin reluwe, shi kuwa a nan aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi tawa gudu, kuma tare suka taso da mijina. Ya shigo da wani ɗan baƙin akwati a hammata, wayoyi na reto, ya ce ya ga zaman kaɗaici zai kashe masa aboki. Ya jona a talabijin, ya jona a solar da nake ɗinki da haskenta in an ɗauke wuta, ya miƙa wa mijina wani abin riƙewa mai maɓallai. Ya ce, "Gem ne. Kyauta na ba ka, ko ka warke kada ka dawo da shi." Na yi masa godiya har da rusunawa. Da na san abin da ya shigo mini da shi, da ruwan wanke-wanke zan raka shi.

Ni tela ce, kekena a falo yake, daura da talabijin, saboda haka duk abin da zan faɗa a kan wasan nan idona ne ya gani, ba labari aka ba ni ba. Wani saurayi ne a kan katako mai ƙananan tayoyi huɗu. Ba inda za shi. Ba kaya ya ɗauko ba, ba aike aka yi masa ba, yawo kawai yake a wani garin Turawa da ba kasuwa, ba akuya, ba ko mai sayar da ruwa. Ya tura da ƙafa ɗaya, ya yi gudu, ya yi tsalle, katakon ya wulwula a iska ya sake dira a kansa. Ya hau ƙarfen matakala ya sulale, wuta na tartsatsi. Duk shirmen da ya yi sai maki ya hau a kusurwar talabijin, in ya jera shirme biyar bai faɗi ba a ninka masa, in ya faɗi a na ƙarshe duka su zube. In yana kan ƙarfe akwai wata 'yar allura da ke fitowa tana rawa hagu da dama, sai an riƙe ta a tsakiya. Allurar nan ce ta kama mijina. Ya ce daidai take da riƙe sitiyari a hanya mai santsi.

Ba a yi sati biyu ba ya gano ana iya ƙera mutumin yadda aka ga dama. Ya cire saurayin ya yi kansa. Ya sa masa baƙar fata, da gemu mai furfura a gefe, da hular sanyi irin wadda yake sawa in zai fita lodin farko, har tumbin bai bari ba. Ya kira ni in gani, na gani. Mijina ne sak, tsaye a kan ƙafa biyu. Daga nan ya gano inda ake gina filin wasa da kai, ya shafe kwana huɗu yana jera tashar motarsu. Ga rumfar 'yan kamasho, ga kwalbatin bakin ƙofa, ga layin dogo da ya shimfiɗa a gefe don ya riƙa sulalewa a kai. Abokansa direbobi in sun zo gaisuwa sai su cika mini falo suna nuna inda kowa ke ajiye motarsa, suna shewa. A cikinsu ba wanda ya taɓa tambayarsa yaya gwiwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne durƙuson. Kafin kowane tsalle sai mutumin cikin talabijin ya durƙusa, gwiwoyi biyu su lanƙwashe har ƙasa, sumul, ba ihu ba gumi. Ban san sau nawa nake kallon wannan a rana ta saman kekena ba. In juyo kuma, ga ta gaskiyar a miƙe a kan kujera kamar taɓarya, Mama ta lulluɓe ta da zani don kada iska ta taɓa ta.

Akwai kuma wani sashe na wasan da ake faɗuwa da gangan. Wanda ya ƙirƙiro wannan, Allah dai ya shirye shi, don ni ba zan iya yi masa addu'ar da ta wuce haka ba. A hau saman bene a wurgo kai, hoton ya rage gudu, a nuna ƙasusuwa suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi ja, ana ba da maki a kan kowace karaya. Sannan a danna maɓalli guda, mutum ya tashi garau ya hau katakonsa. Ranar da na ga mijina yana ƙyaƙyata dariya a kan wannan, yana maido da faɗuwar baya don ya ga ƙashin cinyar da kyau, na ajiye almakashi na fita bayan gida. Ni na yi sati uku a kan bencin asibiti, ni na wanke wandon da aka yanke daga jikinsa. In na tsaya a falon nan zan faɗi abin da ba a faɗa wa miji a gaban uwarsa.

Mama kuwa faɗuwa ta zo mata daidai da zama. Abin ya zaunar mata da ɗa wuri ɗaya, ba ihu ba motsi. Takan jawo tabarma gaban talabijin tana ɓarar gyaɗa, in mutumin ya faɗi ta ce, "Sannu, ɗana," in ya dira daidai ta ce, "Mun gode wa Yesu."

Ban zuba ido ba. Kowace safiya sai na ce, "Baban yara, mu yi na yau." Shi kuma ya ce, "Bari in gama wannan." Wannan ɗin ba ya ƙarewa. Ka tsallake matakala goma a ba ka sabon takalmi, ka sa takalmin a buɗe maka sabon titi, ka shiga titin a ce ga wani aiki. Ba ranar da wasan nan ya taɓa ce masa ka gama, tashi ka je. Na ce to ya zo ya riƙa taka mini keke da ƙafar hagu, ko ba komai gwiwar ta motsa. Mama ta ce ɗanta ba zai zauna a keken mace ba, masu gaisuwa su shigo su tarar da mara lafiya yana wa matarsa aiki. Na dube shi ko zai ce wani abu, sai ya ƙara sautin kiɗan wasan.

Na je shagon maƙwabcin na ce, "Oga, zo ka kwashe kayanka."

Ya ce, "Haba, Maman yara, kyauta tana komawa? Mutumin da na tarar yana kallon rufi, yanzu yana dariya. Me kike so kuma?"

Na ce, "So nake ya taka kuloci."

Ya ce, "Zai taka. A hankali."

Na ce masa a hankalin nan ne zai cinye mu, na juya ban yi masa sallama ba.

Da muka koma asibiti ma'aikaciyar ta kama ƙafar ta tura, ta ɗago ta dube ni, ni fa, ba shi ba. Ta ce, "Madam, me kuke yi a gida? Baya ta koma." Shi ya sunkuyar da kai. A cikin keke mai ƙafa uku da ya dawo da mu, ƙafar tana leƙe waje don ba ta shiga, ya yi mini alkawarin komawa lanƙwasa gwiwar, har da kama hannu. Mun yi kwana biyu. A na uku Mama ta zauna a tsakar gida tana kuka da yarensu, tana cewa za ta je ta gaya wa kawunnansa abin da ake yi wa ɗanta, shi kuma ya janye ƙafarsa ya ce a bari sai ta huce.

A nan zan faɗi nawa laifin, don ba na son a ce na wanke kaina. Na gaji. Na gaji da zama muguwa a gidana, na gaji da kallon da ake mini a coci. Bikin godiyar kaka ya matso, ankon matan zumunta ya taru a kaina, sai na ce oho, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Na sa kai a ɗinki na yi makonni ban taɓa ƙafar nan ba. Kekena na ƙara, tayoyin katakonsa na ƙara, kowa da abin da ya dame shi.

A cocinmu ranar godiyar kaka kowane gida yakan fito da rawa ya kai abin da Allah ya ba shi gaban bagade, wato teburin hadaya. Mai doya ya kai doya, mai citta ya kai citta, wani akuya, wani buhun masara, tela irina ta kai riga. Kuma kowa ya sani, tun muna yara, abin da ya taɓa bagade ba ya komawa gida. Bayan sujada a yi gwanjonsa a filin coci, wanda ya saya ya tafi da shi. Ba a taɓa jin wanda ya je ya ce a maido masa ba, abin kunya ne da zai bi mutum har jikokinsa.

Ran Asabar ina guga na ɗaga kai na ga mutumin cikin talabijin ya durƙusa a kan kwalbatin tashar, ya tashi sama, Mama ta tafa. A nan na yanke shawara, kuma ban yi addu'a a kai ba don na san amsar da zan samu. Da safiyar Lahadi, yana bayan gida yana wanka Mama na miƙa masa ruwan zafi, na zare wayoyin na sa akwatin a ƙasan daro, na jera doya huɗu a kai, na zuba citta, na rufe da tawul. Na ɗaura ankona na ɗora a ka na fita.

Ban taɓa rawar godiya irin ta ranar ba. Matan da suka ce ba ni da tausayi suna bayana suna guɗa. Na kai gaba, na durƙusa, na sauke daron ya taɓa bagade, na ji sanyi har cikin raina. Da wani dattijon coci ya zo jera kayan, ya ɗaga doya ya ga abin da ke ƙasa, ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce a hankali, "'Yata, maigida ya sani?"

Na ce, "Baba, Ubangiji ya sani."

Bai ƙara ba, don akwatin ya riga ya taɓa bagade. Fasto ya sa albarka a kan kayan duka. A wurin gwanjo wani malamin makaranta da ya zo daga Gwantu ya sayi akwatin, na tsaya sai da na ga ya ɗaure shi a bayan mashin ya kama hanya.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Mama a tsakar gida ta ɗora hannu a ka. Shi yana zaune a inda ya saba, talabijin a kashe, abin maɓallan nan a hannunsa, ashe na manta da shi a kan kujera. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi tun daga hanya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tashar tana ciki." Na ce tashar gaske tana nan tana jiransa, ba inda ta je. Washegari Mama ta ɗaure kayanta, ta ce ba za ta yi faɗa da bagade ba, amma ba za ta ƙara kwana gida ɗaya da ni ba. Maƙwabcin ya daina gaishe ni, ni ma ban nemi gaisuwarsa ba.

Ƙafar ta dawo hannuna. Safe da yamma, ba fashi. Bai ƙi ba, bai yi ihu ba, bai kuma yi mini magana ba, sai dai ya cije matashi ya juya fuska ga bango. Amma hannuna ya san bambanci. A makon farko in na tura ina jin tana ba da kai kaɗan-kaɗan, yanzu kuwa in na kai wani wuri sai in ji kamar itace nake turawa. Na shafa man kaɗe, na gasa da ruwan zafi, na yi azumi. Kirsimeti ta zo ta wuce muna a haka, yara suka zo hutu suka koma, gwiwar tana inda take.

Zuwanmu na ƙarshe ma'aikaciyar ta tura, ta tsaya, ta sake turawa, sannan ta sauke ƙafar a hankali. Ta ce zai yi tafiya ba sanda, da ɗingishi, amma iyakarta ke nan. Ba ta ambaci kuloci ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Na sha zama ina auna abin nan. Da na kai shi bagade tun a makon farko, da na ƙi jin kukan Mama, da ban ce oho ba. Wani lokaci kuma in ce ƙila ko ba wasan ma haka za ta kasance, amma ban yarda da wannan ba. Na san abin da na gani. Abin banza ne da aka ƙera don ya zaunar da mutum, ya kuwa zaunar da nawa a daidai watannin da bai kamata ya zauna ba.

An gama gyaran motar, makanike ya kawo ta ya ajiye a ƙofar gida. Ta yi kwanaki a nan, bai ko kalle ta ba. Wata rana da la'asar ina ɗinki na ji an buɗe ƙofarta, na fito bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuyana. Ya hau da ƙafar dama, ya tura kujerar baya har ƙarshe, ya sa hannu biyu ya ciccibo ta hagun. Ta ƙi shiga ƙarƙashin sitiyari. Ya karkata ya cusa ta, tafin ya kai kan kuloci a gicciye, ya taka, ya kasa ɗagowa. Ya fitar da ita ya sake. Sau uku ina ƙirgawa. Sannan ya ɗora hannayensa a kan sitiyari, ya daɗe a haka.

Ya sauko da kansa, ya rufe ƙofar a hankali, ya ɗingiso har inda nake. Rabon da ya dube ni ido cikin ido tun ranar godiyar kaka. Ya kama hannuna ya buɗe, ya sa mini mabuɗin motar a ciki, ya rufe yatsuna a kai.

Ya ce, "Kaka mai zuwa ki haɗa da wannan ki kai."

Ya wuce ni ya shiga ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa da mabuɗin a hannuna.